Pil da ruwan gishiri: wa ke biyan kuɗɗin wutar?

Yau zancen pil za mu yi.

Babu gidan da bai san pil ba. Shi ke cikin tocila, shi ke cikin rediyo, shi ke cikin agogon bango. Ranar kasuwa mai gida ya sayi gishiri, ya sayi sabulu, ya sayi pil. In ya mutu a jefa shi bisa juji, a sayi wani. Haka muke yi shekara da shekaru. Amma mi ke cikinshi? Daga ina wutar take fitowa? Ranar da munka ce ya mutu, mi ne ne ya ƙare?

Ni manomi ne a ƙasar Maradi. Da damina ina gona. Da rani ina shimfiɗa buhu a kasuwar garinmu, ina gyaran tocila da rediyo. Abin da zan gaya muku, da hannuna na gwada shi, kuma kowa na iya gwada shi gida. Da ruwa, da gishiri, da guntayen ƙarfe iri 2, ana haɗa pil mai kunna ƙaramin ƙwan fitila. Ba dabo ba ne, ba tsafi ba ne. Wanda ya haɗa shi sau ɗaya, ya san wani abu da zai tsare mashi kuɗɗinshi: wuta ba ta zuwa kyauta. Kullum akwai abin da ke cinyewa.

Ku karanta jikin pil

Ku ɗauko pil guda, ku duba jikinshi da kyau. Wajen kai, inda ɗan tudun nan yake, akwai alama +. Wajen gindi akwai alama −. Ku ƙara dubawa, za ku ga an rubuta 1.5 V. Ma'anarshi volt ɗaya da rabi. Volt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta, kamar yadda tiya take ma'aunin hatsi. Babban pil na rediyo da ƙaramin pil na tocila, duka 1.5 V ne. Batirin mota 12 V ne.

Harafin V ba ya cikin baƙaƙen Hausa. Farkon sunan wani mutum ne, Volta, mutumin garin Komo na ƙasar Italiya. Ga yadda sunanshi ya hau jikin pil.

A wani birni na Italiya, Bolonya, an yi wani likita, Galvani, mai binciken jikin kwaɗi. Ya lura, in anka taɓa ƙafar mataccen kwaɗo da ƙarfe iri 2 masu haɗe da juna, sai ƙafar ta zabura kamar mai rai. A 1791 ya buga abin da ya gani, ya ce wutar cikin jikin dabbar take. Volta ya gwada, ya ce a'a. Ya ce asirin yana ga ƙarafan nan 2 da ba iri ɗaya ba. Kwaɗo dai jiƙaƙƙen abu ne da ya shiga tsakaninsu.

Gardama ta yi tsawo. Don ya raba ta, sai Volta ya fidda kwaɗo daga cikin zancen. Ya yanka ƴan faya-fayen tutiya, da na jan ƙarfe, da kwali da ya jiƙa cikin ruwan gishiri. Ya aza tutiya, ya aza kwali, ya aza jan ƙarfe. Ya sake aza tutiya, kwali, jan ƙarfe, har tari ya yi tsawo. Da ya taɓa sama da ƙasa da jiƙaƙƙen hannu, wuta ta ja shi. Babu kwaɗo, ga wuta. A 1800 ya aika da labarin ga masana na Landan. A 1801 ya je Paris ya nuna abin gaban Napoleyon.

Da Faransanci, kayan da anka jibga bisa juna, kamar kwanoni ko tabarmi, sunansu pil. Ke nan sunan da muke faɗi kullum a kasuwa, daga tarin nan na Volta ya fito. Cikin takardar da ya aika Landan, ya kuma kwatanta wata hanya ta biyu: jerin kofuna masu ruwan gishiri. Ita ce ta fi sauƙi, ita za mu bi.

Kayan aiki

Ba sai kun sayi kome ba, in ba gishiri ba.

1. Kofunan roba 6. Gindin gorar roba da anka yanke ma ya yi. Kada ku ɗauki gwangwani ko kwanon sha, don su ma ƙarfe ne.

2. Guntayen kwanon rufi 6, irin farin nan marar fenti. Faɗin yatsa 2, tsawon yatsa da rabi. Maƙera da masu rufin ɗaki suna zubar da irinsu. Kwanon rufi baƙin ƙarfe ne da anka lulluɓe da tutiya. Tutiyar nan muke so. Manyan ƙusoshin kwano ma suna yi, amma wutarsu ba ta kai ta falle ba.

3. Wayar jan ƙarfe, irin ta cikin igiyar lantarki. A yanka 6, kowace kamu ɗaya. A feɗe robar duka. In wayar tana da dauɗa ko wani shafi mai ƙyalli, a kankare ta da wuƙa ko a goge ta da rairayi, sai ta yi ja wur.

4. Ruwa litar ɗaya, da gishiri babban cokali 4 ko 5.

5. Ƙaramin ƙwai guda, irin na tocilan yanzu, mai kama da ƙwayar dawa, mai ƙafa 2. Sunanshi LED. Ana cire shi daga tocilar da ta lalace. Tsohon ƙwai irin na da, mai zare a ciki, ba ya kamawa. Cinshi ya yi yawa.

Zancen gishiri kuwa, kowane iri ya yi. Ƙasarmu ba ta rasa shi ba. Akwai beza da kantu da ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma da Fashi, a ratsa Tenere da su. Akwai na Tigidda wajen Ingal, akwai na Foga wajen Gaya, akwai mangul na ƙasar Manga. In da kantu za ku yi, ku daka, ku jiƙa, ku bari ƙasar ta kwanta, ku tsiyaye ruwan sama-sama.

Yadda ake haɗawa

Da farko a zuba gishiri cikin ruwa, a motsa sai ya narke. A raba ma kofuna 6, kowane ya wuce rabi kaɗan. A jera su kusa da juna.

Na biyu, a ɗauki waya, a naɗe fiye da rabinta bisa kara, a zare karan. Ta zama kamar awarwaro, da wutsiya miƙe. A yi ma duka 6 haka.

Na uku, a huda kan kowane guntun kwano da ƙusa.

Na huɗu, cikin kowane kofi a saka kwano gefe ɗaya, naɗaɗɗiyar waya ɗaya gefen. Ku kula: kada su taɓa juna cikin ruwa. In sunka taɓa, wutar ta yi gajeriyar hanya, ba ta fitowa waje.

Na biyar, wutsiyar wayar kofi na 1 a zura ta cikin hujin kwanon kofi na 2, a murɗe tam. Wayar kofi na 2 ta kama kwanon kofi na 3. Haka har na 6. Mahaɗar ta tsaya sama, kada ta shiga ruwa.

Yanzu baki 2 sunka rage: kwanon kofi na 1, da wayar kofi na 6. Kwano shi ne −. Jan ƙarfe shi ne +. A ɗaura wata ƴar waya ga kwanon kofi na 1, a kawo bakunan 2 ga ƙafafun ƙwai. Doguwar ƙafa ita ke zuwa ga jan ƙarfe. In an datse ƙafafun ba ku gane doguwar ba, ku gwada haka, in bai kama ba ku juya shi. Irin ƙwan nan hanya ɗaya yake karɓar wuta.

Daren da munka gwada a gidanmu

Mun yi namu cikin zaure, bayan tuwon dare, lokacin hunturu. Yara sun kewaye ni. Ƙanen mahaifina, tsoho mai shekaru, yana zaune bisa buzunshi yana kallo, bai ce uffan ba. Na ce a kashe tocila. Na taɓa ƙafar ƙwai da waya. Sai ga ɗan haske fari ya fito, kamar tauraro guda cikin tafin hannu.

Yara sunka fasa kuwwa. Ƴata ƙarama ta ruga cikin gida tana kira: «Inna, Inna, zo ki gani, Baba ya fidda wuta daga ruwa!»

Tsoho ya matso, ya duƙa, ya leƙa kofunan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce: «Kai yaro, mi ka zuba cikin ruwan nan?»

Na ce: «Baba, gishiri ne kawai, irin wanda anka sa ma miya.»

Ya ce: «To, in haka ne mun huta. Gobe a sayo kantu guda, a bar sayen pil.»

Maganar nan ta tsoho, ita ce kowa ke yi in ya ga abin. Ido na ganin ruwa da gishiri, sai zuciya ta ce wutar cikin gishiri take. Haka Galvani ya ga ƙafa na motsi, ya ce wutar cikin kwaɗo take. Ban yi musu da tsoho ba. Na ce mu gwada mu gani, tunda gani ya kori ji.

Gwaji 3

Gwaji na farko: munka fidda guntayen kwano, munka saka jan ƙarfe gefe da gefe cikin kowane kofi. Gishiri na nan, ruwa na nan. Ƙwai bai kama ba. Ashe gishiri shi kaɗai ba ya bada wuta. Sai da ƙarfe 2 da ba iri ɗaya ba.

Gwaji na biyu: munka maida kwano, munka zubar da ruwan gishiri, munka wanke kome, munka zuba ruwa mai tsabta da sukari. Hasken ya yi rauni ƙwarai, sai ka kafa ido kake ganinshi. Sukari na narkewa kamar gishiri, amma ba ya ɗaukar wuta. Da munka barbaɗa gishiri munka motsa, sai haske ya tashi. Ashe gishiri na da aikinshi: shi ke buɗe ma wuta hanya cikin ruwa.

Gwaji na uku shi ne na haƙuri. Munka bar kofunan gefe cikin zaure, ƙwai na ci. Da safe hasken ya dusashe. Da na ɗaga wayoyin sunka sha iska, na motsa ruwan, sai ya ɗan farfaɗo. Bayan kamar sati 2 na fidda ƙarafan, na kai ma tsoho. Jan ƙarfe na nan, ya dai sake launi. Amma kwano ya dushe, wani farin gari ya bi jikinshi, tsatsa ta fara kama bakinshi. Tutiya ta cinye. Na ɗanɗana ma kaina gaskiya ba da harshe ba, da ido: ruwan na nan, kuma da na bar ɗan kaɗan ya bushe cikin murfi, gishiri ya fito fari. Gishiri bai tafi ko'ina ba.

Tsoho ya juya guntun kwanon cikin hannu, ya ce: «Ashe wanga ne ke biya.»

Abin da ke faruwa cikin kofi

Masana sun gano cikin kowane ƙarfe akwai wasu ƴan ƙwayoyin wuta ƙanana, ido ba ya ganinsu. Sunansu elektaron. Tafiyarsu cikin waya ita ce lantarki. Wani ƙarfe na sakin nashi da sauƙi, wani na riƙewa. Tutiya mai saki ce. Jan ƙarfe mai riƙo ne.

In tutiya ta shiga ruwan gishiri, sai ta riƙa narkewa kaɗan-kaɗan, tana barin ƙwayoyin wutarta. Ƙwayoyin su bi waya, su ratsa cikin ƙwai, su kunna shi, su isa ga jan ƙarfe. Can iskar da ke narke cikin ruwa ta karɓe su. Shi ya sa in iskar kusa da waya ta ƙare haske ke raguwa, in anka motsa ruwa ya dawo. Ruwan gishiri kuwa shi ke rufe da'irar ta ciki. Wuta sai hanyarta ta zagayo kamar zobe take tafiya. In zoben ya yanke ko'ina, ta tsaya.

Masu garka za su gane wannan da sauri. Ruwan da ya gangaro daga tudu ya fi turi. Turin nan shi ne volt. Amma turi daban, yawan ruwa daban. Ƴar siririyar magudana ba ta shayar da fangali 20, kome tudun da ta fito.

Kofi ɗaya na bada kusan rabin turin pil guda. Farin ƙwai na son kamar 3 V, ja kuwa kamar 2 V. Shi ya sa muke jera 6. In kun ƙara kofuna, turi ya ƙaru. In kun ƙara faɗin ƙarfe, yawan wuta ya ƙaru. Ƙarin gishiri na gyara hanya, amma ba ya ƙara turi. Kuma ruwa na da iyakarshi: litar ɗaya ba ta narkar da fiye da kamar giram 360. Saura sai ya kwanta ƙasa a banza.

Iyakar ƙarfinshi

Kada in ruɗe ku. Pil na kofuna ba ya haska ɗaki. Yana kunna ƙwai guda, yana iya tada ƴar na'urar lissafi ta aljihu. Iyakarshi ke nan. Samari na tambayata ko zai caja salula. Ba zai caja ba. Salula na son 5 V. Turin nan ana samunshi da kofuna 7 ko 8. Amma yawan wutar da take sha ya ninka na kofi sau ɗaruruwa. Kamar a ce a shayar da garken shanu da ludayi ne.

To, mi ne ne amfaninshi? Ga amfaninshi.

Bayan girbin wake, ƙanena ya zo wurina cikin kasuwa da sauri. Ya ce: «Yaya, taso ka gani. Wani baƙo ya kawo fitila, ba pil, ba kananzir, ba rana. Ruwa da gishiri kawai, har abada. Ina so in saya da kuɗɗin wakena.»

Munka je. Mutane sun taru. Fitilar kuwa gaskiya ce. Baƙon ya zuba ruwan gishiri, ta kama, hasken ya fi na kofunana nesa. Na gaishe shi, na ce: «Malam, don Allah buɗe mini cikinta.» Ya buɗe. Ga wani falle mai launin toka, marar nauyi, tsaye cikin ruwan. Na nuna ma ƙanena, na ce: «Ka tuna guntun kwanon nan da Baba ya juya cikin hannu? Ga ɗan'uwanshi.»

Irin fitilun nan, da wani farin ƙarfe mai suna maganiziyam ake yin fallensu, ko da alminiyam. Suna sakin wuta fiye da tutiya, kuma su ma cinyewa suke. Na tambayi baƙon: «In fallen ya ƙare, ina ake samun wani? Nawa ne?» Ya ce shi dai fitilu anka ba shi, ba a ba shi falle ba. Ban ce ya yi ƙarya ba, mai yiwuwa haka shi ma anka gaya mashi. Amma fitilar da ba a samun fallenta, ranar da ya cinye ta zama kofin roba mai tsada. Ƙanena ya maida kuɗɗinshi aljihu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wanda ya samu irin fitilar tare da fallayen canji, ya yi lissafi: kuɗɗin falle nawa, dare nawa yake yi? Ya gwada da kuɗɗin pil, ya gwada da fitila mai ɗan farantin hasken rana. Abin da ya fi sauƙi ya ɗauka. Tambayar dai ita ce a sani.

Abin na nan kewaye da mu

Tun da na gane aikin tutiya, sai na riƙa ganinshi ko'ina. Domi ake lulluɓe kwanon rufi da tutiya? Don ita ke fara cinyewa, ta tsare baƙin ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ko an ƙwarzane kwanon kaɗan, tutiyar gefe na kare wurin. Ranar da ta ƙare, ranar tsatsa ke shiga, ɗaki ya fara yoyo. Shi ya sa ba a ajiye buhun gishiri ko na takin zamani bisa kwano, ko cikin bokitin ƙarfe mai laima.

Ruwan teku ma ruwan gishiri ne, kamar giram 35 cikin kowace litar. Manyan jiragen ruwa na ƙarfe, irin masu kawo kaya Kotonu da Lome, ana ɗaura musu dunƙulen tutiya ko alminiyam a ciki wajen ƙasa. Dunƙulen ya cinye, jirgi ya tsira. In ya ƙare a ɗaura wani. Dabarar ta daɗe: wani masani na Ingila, Devi, ya gwada ta ga jiragen ƙasarsu tun 1824.

Pil na kanti mai araha, shi ma ɗan gidan nan ne. Asalinshi daga wani Bafaranshe, Laklanshe, a 1866. Daga baya anka maida ruwan cikinshi ya zama kamar ƙullu, don kada ya zube. Gwangwanin jikinshi tutiya ce, ita ce −. Baƙin sandan tsakiya irin gawayi ne, kanshi ne +. Tsakaninsu akwai baƙin gari da wani irin gishiri, ba na miya ba. In pil na aiki, gwangwanin ke cinyewa. Kun ga dalilin da ya sa tsohon pil ke hujewa, ya zubo da ruwa, ya ci ƙarfen cikin rediyo. Rabin tocilan da ake kawo mini gyara, ciwonsu ke nan. In za ku ajiye tocila ko rediyo kwana da yawa, ku cire pil.

A kula

Pil na kofuna ba ya jan mutum, yaro na iya taɓa shi. Amma akwai dokoki.

Ruwan da anka yi aiki da shi, ba a sha, ba a ba dabba, ba a sa ma miya. Ƙarfe ya narke cikinshi. A zuba shi cikin rami nesa da rijiya, nesa da shuka. Kofunan kada su koma ɗakin girki. A wanke hannu. Bakin kwano na yanka, babba ne zai yanke shi.

Kada kowa ya haɗa ruwan gishiri da wutar lantarki ta gari. Wannan na kisa. Kada a tsoma wayoyin batirin mota ciki, yana fidda iska mai guba.

Kada a fasa batirin salula, ko a huda shi, ko a jefa shi wuta. Yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Ƙaramin pil mai kama da maɓalli, irin na agogon hannu, a ɓoye shi ga yara. In yaro ya haɗiye shi, a tafi likita nan take, kada a jira gobe. Yana iya ƙone maƙogwaro cikin awa 2.

Batirin mota da na babur, dalma ce cikinsu da ruwa mai cin fata. Dalma guba ce, ta fi illa ga yara. A ƙasar Senegal, wata unguwa ta Caroy gefen Dakar, mutane sun yi sana'ar fasa tsofaffin batira suna fidda dalma cikin gidaje. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 sunka rasu saboda ƙurar dalma. Yanzu da farantin hasken rana ya yawaita ƙauyukanmu, irin batiran nan ma sun yawaita. In ya mutu a maida shi ga mai sayarwa. Kada a fasa shi tsakar gida.

Mataccen pil na tocila kuwa, a tara shi cikin tsohon gwangwani mai murfi, inda yara da awaki ba su kai. Kada a jefa shi cikin murhu, ko kusa da rijiya, ko cikin takin da za a kai gona.

To jama'a, ga aiki ya rage gare ku. Ku nemi kofuna 6, ku tara yara, ku haɗa naku. Ku gwada da gishirin ƙasarku. Ku gwada da ruwan tsamiya ko na lemun tsami, su ma suna ɗaukar wuta. Ku canza kwano da guntun tsohuwar tukunyar alminiyam, ku ga wane ya fi haske. Ku rubuta cikin littafinku: kofi nawa, cokali nawa, kwana nawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

In kuma wata rana wani ya zo muku da wuta, ya ce kyauta ce har abada, ku gaishe shi da kyau, ku ce ya buɗe cikinta. Ku tambaye shi: wane ƙarfe ke cinyewa, kuma ina ake sayen wani?

Sai wani jiƙon.